Fashin baƙi: Wane ɗalibi ake ɗauke wa jarrabawar kowa da kowa a makarantun Amurka?

Tsakanin watan Maris da Mayu na kowace shekara, makarantun gwamnati a Amurka kan shiga kakar jarrabawar jiha. Dokar tarayya ce ta wajabta: duk yaron da ke aji 3 zuwa aji 8 sai an gwada shi a karatu da lissafi kowace shekara, a sake gwada shi sau ɗaya a babbar sakandare, kimiyya kuma sau uku a tsawon zamansa na makaranta. Galibi makarantar ake aunawa fiye da yaron. Da sakamakon ne ake gane wadda ke koyarwa da wadda ke tara yara kawai.

To, a cikin waɗannan makarantu akwai ɗalibai masu naƙasa wajen miliyan 7.5 da ke samun ilimi na musamman, kimanin kashi 15 cikin 100 na dukkan ɗalibai, bisa alƙaluman shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023. Mafi yawansu jarrabawar kowa da kowa suke zaunawa. Wasu 'yan kaɗan ne ake ware wa jarrabawa ta daban, mai sauƙin tambayoyi da ma'auni nata na kanta. Wa zai shiga cikin 'yan kaɗan ɗin nan, wa kuma zai yanke? A kan wannan tambaya iyaye da malamai da jami'an ilimi suka shafe fiye da shekara 20 suna kai ruwa rana.

Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne sauƙaƙa wa ɗalibi hanyar zaman jarrabawa ba tare da an taɓa tambayoyin ba. Makaho a ba shi takarda da rubutun birel, mai raunin gani a ƙara masa girman baƙi, kurma a kawo masa mai fassara da maganar hannu, wanda hannunsa ba ya riƙe alƙalami ya faɗa a rubuta masa, mai saurin rikicewa cikin hayaniya a ba shi ɗaki shi kaɗai da ƙarin lokaci. Irin tanadin da hukumar JAMB ke yi wa makafi masu neman shiga jami'a a Najeriya daga wannan jinsin yake. Ilimin da ake nema bai canza ba, ƙofar shiga ce aka faɗaɗa. Na biyu kuwa, wanda shi ne batunmu, abin da ake tambaya ne da kansa ake ragewa, a rage zurfinsa da faɗinsa, a kuma sauko da matakin da za a ce yaro ya ci. Doka ta keɓe shi ga rukuni guda: ɗaliban da naƙasar fahimtarsu ta fi ta kowa tsanani.

Kafin 1975 makarantu da yawa a Amurka ba sa ma karɓar irin waɗannan yara. A shekarar ne shugaba Gerald Ford ya sa hannu kan dokar da ta ba kowane yaro mai naƙasa haƙƙin ilimi kyauta, wadda aka sauya wa suna zuwa IDEA a 1990. Yaran sun shiga makaranta, amma ranar jarrabawa sai a ce su zauna a gida ko a kai su wani ɗaki su yi zane. Babu wanda ya san ko suna koyon wani abu, babu kuma wanda za a tuhuma in ba sa koyo. Jihar Kentucky ce ta fara karya wannan al'ada a farkon shekarun 1990, inda ta riƙa tattara ayyukan yaro na tsawon shekara a jaka guda ana ba su maki. Gyaran da aka yi wa IDEA a 1997 ya tilasta wa kowace jiha ta sa masu naƙasa cikin jarrabawarta, ta kuma tanadi jarrabawa ta daban ga waɗanda ba za su iya ba, kafin watan Yulin 2000.

Sai dokar George W. Bush ta zo a Janairun 2002, ta ɗaura makomar makaranta da sakamakon ɗalibanta. A ƙarƙashin waccan doka, makarantar da ta yi ta faɗuwa tana iya rasa shugabanta, ko a sake mata fasali gaba ɗaya. Nan take jarrabawa ta daban ta zama wata kafa ta tsira: duk yaron da ake tsoron zai ja makin makaranta ƙasa, a tura shi can. Ma'aikatar ilimi ta tarayya ta hango haka, shi ya sa a Disambar 2003 ta ce sakamakon cin jarrabawa ta daban da za a ƙirga wa jiha ko gundumar makarantu (hukumar da ke kula da makarantun wani yanki) ba zai wuce kashi 1 cikin 100 na ɗaliban da aka gwada ba. A lura, ba yawan masu zama aka ƙayyade ba a lokacin, yawan cin da za a lissafa ne. Dokar ilimi ta ESSA, wadda ta maye gurbin ta Bush, da Barack Obama ya sa wa hannu ranar 10 ga Disambar 2015 ce ta ƙara ɗaure igiyar. Daga shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, yawan waɗanda suka zauna jarrabawa ta daban a kowane darasi bai kamata ya wuce kashi 1 cikin 100 na duk waɗanda aka gwada a jihar ba. Jihar da ta gwada yara 500,000 a lissafi, 5,000 ne iyakarta. Idan aka kwatanta da yawan masu naƙasa, wajen yaro 1 ke nan cikin 15.

Amma ba gwamna ke zaɓar yaran ba, ba kuma kwamishinan ilimi ba. Kowane ɗalibi mai naƙasa yana da rubutaccen tsarin karatu nasa shi kaɗai, wanda suke kira IEP, kuma kwamiti ne ke rubuta shi: iyayen yaron, malamin ajinsu na yau da kullum, malamin ilimi na musamman, wakilin gundumar makarantu, da wani masani da zai iya fassara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi wa yaron. In ya yi wayo, shi ma yakan zauna. Wannan kwamiti ne ke da ta cewa. Idan ya zaɓi jarrabawa ta daban, dole ya rubuta dalilin da ya sa yaron ba zai iya ta kowa da kowa ba, da dalilin da ya sa wadda aka zaɓa ta dace da shi. Ana sake zama aƙalla sau ɗaya a shekara. Iyayen da ba su gamsu ba suna da damar neman sulhu ko kai ƙara gaban jami'in sauraren koke.

A nan ne gizo ke saƙar. Dokar tarayya ba ta fayyace abin da take nufi da naƙasar fahimta mafi tsanani ba. Ta bar wa kowace jiha ta rubuta nata bayanin, da sharaɗin ya duba abu biyu: ƙarfin fahimtar yaro, da yadda yake tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum, wato cin abinci, sa tufafi, shiga banɗaki, bayyana buƙatarsa, kauce wa haɗari. Duk da bambancin lafazi, takardun da jihohi ke ba kwamitoci sukan tsaya kan tambayoyi uku, kuma sai an amsa e ga dukkansu. Shin naƙasar ta taɓa fahimta da rayuwar yau da kullum sosai da sosai? Shin abin da ake koya wa yaron yana da alaƙa da manhajar ajinsa, sai dai an sauƙaƙa shi ƙwarai? Shin yana buƙatar koyarwa ta kai tsaye, shi kaɗai, ana maimaitawa ana sake maimaitawa, da kayan aiki na musamman, kafin abu ya zauna masa, har ya iya amfani da shi a wajen aji?

Jerin abubuwan da aka hana dogara da su ya fi wannan tsawo, kuma a ganina ya fi shi faɗin gaskiyar abin da ke faruwa a makarantu, domin ba a hana abin da ba a taɓa yi ba. Sunan naƙasa kaɗai ba hujja ba ne. IDEA ta lissafa rukuni 13 na naƙasa, babu ko ɗaya da ke kai yaro jarrabawa ta daban kai tsaye. Yawancin masu zamanta daga rukuni uku suke fitowa, raunin fahimta, lalurar otizim (mai taɓa yadda yaro ke sadarwa da hulɗa da mutane), da naƙasa fiye da ɗaya a haɗe, amma dubban yara masu otizim suna zaman jarrabawar kowa da kowa suna ci. Rashin iya Turanci ba hujja ba ne. Faɗuwa a jarrabawar bara ba hujja ba ce. Haka yawan fashin makaranta, da talaucin gida, da rashin ɗa'a a aji, da fargabar cewa yaron zai firgita ranar jarrabawa, da kuma, ƙarara suke rubuta shi, tsoron abin da sakamakonsa zai yi wa sunan makaranta.

Ɗauki yara biyu 'yan aji 5 a makaranta ɗaya. Ta farko tana da matsalar haɗa baƙi mai tsanani, karatunta bai wuce na 'yar aji 1 ba, ta faɗi jarrabawar jiha shekara biyu a jere, tana kuka duk ranar da aka raba takardu. Amma in aka karanta mata labari za ta gaya maka wanda ya yi laifi da dalilinsa, tana zuwa kanti ta karɓo canji daidai, tana kula da ƙaninta. Malamarta, don tausayi, za ta so a ɗauke mata wahalar. Ƙa'ida ta ce a'a: ita mai buƙatar sauƙin hanya ce da ingantacciyar koyarwar karatu. Na biyu ba ya magana, yana nuna abin da yake so ta hanyar taɓa hoto a allo, an shafe watanni ana koya masa bambanta biyu da uku da murafun kwalba, abin da ya iya a aji kuma yakan ɓace masa in an koma gida, sai an riƙe hannunsa a bakin titi. Shi ne wanda aka yi jarrabawa ta daban dominsa. Waɗannan biyun masu sauƙin rarrabewa ne. Da duk yara haka suke, da ba a yi gardama ba.

Yadda ake gudanar da ita ma ya bambanta. Jihohi da dama suna amfani da tsarin Dynamic Learning Maps da Jami'ar Kansas ke kula da shi, wasu suna cikin wata haɗakar jihohi mai suna MSAA, wasu kuma kowace da tata. A tsarin Kansas, malami kan fara cike takardar bayani kan yadda yaron ke sadarwa da abin da ya iya, kwamfuta ta zaɓo masa matakin farawa. Ana zama ne malami da ɗalibi su biyu, tambayoyi 'yan kaɗan a kowane zama, a huta a dawo. Inda 'yan ajinsu ke lissafin tara kashi ɗaya bisa uku da ɗaya bisa huɗu, shi za a iya ajiye masa abu cikakke da wanda aka raba biyu a ce ya nuna rabi. Yana iya amsawa da yatsa, da maɓalli, ko da inda ya kafa idonsa. Darasin dai na ajinsa ne, an dawo da shi can tushe.

Wasu jihohin sun nemi mafita daga ruɗani ta hanyar sa lamba. A gwajin kaifin basira matsakaicin maki 100 ne, kuma wajen 70 zuwa ƙasa ake fara maganar raunin fahimta. Sai dai bisa lissafin gwajin, sama da mutum 2 cikin 100 ne ke ƙasa da 70, ninki biyu ke nan na abin da doka ta yarda. Don haka jihar Florida, alal misali, ta sa 67 zuwa ƙasa a cikin ƙa'idarta. Lamba tana da daɗin aiki, tana kashe musu, tana kuma kare malami daga matsin shugaban makaranta. Illarta ita ce gwajin ba ma'aunin zinariya ba ne. Yaro ɗaya zai iya samun 66 yau, ya sami 70 bayan wata shida. Mafi muni, yawancin gwaje-gwajen suna buƙatar yaro ya yi magana ko ya motsa hannu. Yaron da aka haifa da shanyewar gaɓoɓi, wanda harshensa da yatsunsa ba sa bin umarninsa, zai iya fitowa da maki na ƙasa alhali kansa garau yake. In ba a taɓa ba shi na'urar sadarwa ba, abin da aka auna shi ne rashin na'urar. Kwamitin da ya san aikinsa yakan fara da tambayar ko yaron yana da hanyar faɗin abin da ya sani, kafin ya yanke cewa bai sani ba.

Yanzu a koma ga kashi 1 ɗin nan, domin akwai wani karo a cikin dokar da kowa ke gani. Ta ɗora wa jiha iyaka, amma ta hana jiha ɗora wa gunduma iyaka, ta kuma bar hukunci a hannun kwamitin kowane yaro. Dalilin a fili yake. Ƙaramar gundumar karkara mai ɗalibai 200 da ake gwadawa, kashi 1 nata yara 2 ne. In Allah ya kawo na uku ta haura, ba tare da kowa ya yi kuskure ba. Gundumar da ke da makaranta ta musamman ko babban asibitin yara kuwa, iyalai kan ƙaura zuwa cikinta, adadinta ya hau. Abin da doka ta nema shi ne gundumar da ta wuce kashi 1 ta rubuto hujjarta, jiha ta sa mata ido, a kuma bayyana hujjar ga jama'a. Jihar da ta ga za ta haura tana iya roƙon ma'aikatar ilimi ta ɗaga mata ƙafa na shekara guda, kwana 90 kafin fara jarrabawa, in ta nuna ta gwada aƙalla kashi 95 na dukkan ɗalibanta da kashi 95 na masu naƙasa, ta kuma kawo tsarin yadda za ta sauko. Jihohi da yawa sun haura tun shekarar farko, wasu kuma sun yi ta komawa neman wannan sassauci.

Masu sukar iyakar suna da abin nunawa. A 2004 hukumar ilimi ta Texas ta sa kashi 8.5 a matsayin ma'aunin yawan ɗaliban da gunduma za ta sa a ilimi na musamman. Ba a kira shi haramci ba, amma gundumomi sun fahimci saƙon, suka riƙa hana yara tallafin da suka cancanta, har jaridar Houston Chronicle ta tona asirin a 2016, gwamnatin tarayya kuma ta tabbatar a Janairun 2018 cewa jihar ta karya IDEA. Wancan batun shiga ilimi na musamman ne gaba ɗaya, ba jarrabawa ba, amma ya nuna yadda lambar da aka rubuta a babban birni ke isa teburin kwamiti ko da doka ta ce kada ta isa. Wakilin gunduma da ya san an riga an haura zai zo zaman da wannan a ransa.

Duk da haka ni ina ganin iyakar ta fi rashinta, saboda kuskuren biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Yaron da aka sa a jarrabawar kowa da kowa bisa kuskure zai sha wahalar 'yan kwanaki, ya fito da maki marar amfani. Wanda aka tura jarrabawa ta daban bisa kuskure kuwa, ba ranar jarrabawa kaɗai abin ke taɓawa ba. Malami yana koyar da abin da za a tambaya. Daga ranar da aka sa hannu, manhajarsa ta ragu, sau da yawa a raba shi da 'yan ajinsu zuwa ɗaki na daban, kuma kowace shekara tazarar na ƙaruwa. A takarda ana iya dawo da shi a zaman baɗi. A aikace, wanda aka cire yana aji 3, in ya kai aji 8 ya yi shekara biyar ba a koya masa abin da jarrabawar kowa da kowa ke tambaya ba, sai wannan giɓin da makaranta ta haifar ya zama sabuwar hujjar barinsa inda yake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan hukunci yakan faɗo ne kan yaro ɗan shekara 8 ko 9.

Ƙarshen hanyar shi ne takardar kammala sakandare. A jihohi da dama wanda ya bi wannan layi ba ya cika sharuɗan takardar da kowa ke samu, sai a ba shi shaidar halarta, wadda yawancin kwalejoji da masu ɗaukar aiki ba sa ɗauka daidai da waccan. Shi ya sa ESSA ta wajabta a gaya wa iyaye ƙarara cewa zaɓin na iya jinkirta samun takardar ko ya yi masa wani tasiri, ta hana jiha toshe wa yaron damar ƙoƙarin nemanta, ta kuma ba jihohi izinin ƙirƙiro wata takardar ta daban mai bin manhaja. Sai dai faɗa a doka daban, yadda ake faɗa a ɗaki daban. Uwa ce zaune gaban ƙwararru biyar, an karanto mata sakamakon gwaji cike da lambobi, aka ce akwai wata jarrabawa da ba za ta wahalar da ɗanta ba, ga wurin sa hannu. Wace uwa ce za ta ce a'a? Wadda ta yi tambaya ɗaya, wace takarda zai fita da ita in ya gama, ita ce ta fahimci abin da ake yankewa. Kotun ƙolin Amurka ma ta ƙarfafa gwiwar irin wannan uwa a Maris na 2017, a shari'ar wani yaro mai otizim daga jihar Colorado, inda alƙalai baki ɗaya suka ce ɗan ci gaba na jeka-na-yi-ka bai wadatar ba, dole tsarin karatun yaro ya kasance da buri daidai da halinsa.

Waɗanda har yau ba a san inda za a ajiye su ba su ne na tsakiya: yaro mai maki 69 ko 72, yana karatu kaɗan-kaɗan, yana kula da kansa, amma jarrabawar ajinsa ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. An taɓa gwada yi musu tasu. A 2007 ma'aikatar ilimi ta yarda da jarrabawa ta uku mai matsakaicin sauƙi, wadda za a ƙirga cinta har kashi 2 cikin 100, jihohi irin su California da Texas suka rungume ta. Ba a jima ba aka ga tana cika da yaran da ba don su aka yi ta ba, aka soke ta a 2015. Tun daga nan hanya biyu ce kawai. Yayin da jihohi ke matsa ƙa'idojinsu don su sauko ƙasa da kashi 1, waɗannan yaran ne ake mayarwa jarrabawar kowa da kowa, wasunsu bayan shekaru a ɗaya layin, kuma makarantar da ta karɓe su ita za ta nemo malami da lokacin cike abin da ya wuce su.